Ragowar talotalon Kirsimeti: me zan yi da shi kafin ya lalace?

Amaryar Barnawa:

Barkanmu da shan biki, iyayena da yayyena. Jiya na gasa talotalo guda a oben, namiji ne babba, bayan an fige shi ya kai kilo shida. Baƙi sun ci abin da za su ci, amma har yanzu akwai ɓari guda na ƙirji, cinya ɗaya da ƙafarta, fikafikai biyu, wuya, da ƙashin bayan gaba ɗaya da tsokar da ke manne da shi. Tun daren jiya yana cikin firij, sai dai wutar unguwarmu ba ta da tabbas, wani lokacin a wuni babu ita. Naman ƙirjin kuma ya bushe, yara sun ce yana shaƙe su. Don Allah me zan dafa da shi wanda gida zai ci da marmari, kuma kwana nawa zai iya yi?

Hajiya Babba, Kawo:

Amarya sannu da hidima. Abin da za ki fara yi yau ɗin nan, kafin ki yi tunanin wane girki, shi ne ki raba shi kashi uku, domin talotalo nama uku ne a jikin tsuntsu ɗaya. Ƙirji fari ne, ba shi da kitse, shi ya sa ya bushe, kuma duk ɗumamen da kika ƙara masa bushewa zai ƙara. Cinya da ƙafa jan nama ne mai maiƙo, suna jure wuta, su ne na miya. Ƙashi da wuya da fikafikai na romo ne da farfesu. Idan kika bar shi a dunƙule kina yankowa kullum, ƙirjin zai zama kamar katako, cinyar kuma ta fara wari daga gindin ƙashi.

Tunda wuta ba ta zama a wajenku, ƙirjin nan dambu za ki yi da shi, don dambu ba ruwansa da firij. Cire fatar tukuna ki ajiye gefe, fata ba ta dakuwa kuma kitsenta ne ke sa dambu saurin canza wari. Ki yanka tsokar manya-manya ki zuba a tukunya. A kan kilo ɗaya na tsoka ki sa ruwa kofi ɗaya kacal, albasa manya biyu, attarugu huɗu ko biyar, tafarnuwa ƙwaya biyar, da ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa, duk a jajjaga. Kada ki sa gishiri yanzu. Naman ya riga ya sha gishiri da dunƙule wajen gashi, kuma idan ruwan ya ƙone ɗanɗanon zai ninka. A nan ne mutane da yawa ke ɓata dambunsu. Ki rufe, wuta kaɗan, minti ashirin zuwa talatin, har ruwan ya tsotse ƙaf. Wannan dahuwar ta biyu ce ke mayar wa naman laushi ya saki zarensa.

Da zafinsa za ki daka, amma a hankali. Dambun naman sa yana son daka sosai, na talotalo ba haka ba ne, taɓarya biyar ko shida ta isa kowane zubi. Idan kika matsa masa zai dunƙule ya koma kamar tuwo, in kin soya ya zama gari. Bayan dakan ki bi shi da hannu kina warware zaren. Sai ki ɗora kasko mai faɗi da kauri, man gyaɗa rabin kofi a kan kilo ɗaya, ki zuba naman, ki rage wuta sosai, ki riƙa juyawa ba tsayawa. Zai ɗauki minti talatin zuwa arba'in. Kunnenki ne zai gaya miki ya yi: da farko za ki ji yana cuuu saboda ruwan da ke jikinsa, idan ƙarar ta mutu, launinsa ya koma ruwan zuma, kika ɗebo a cokali ya watse bai manne ba, to ya soyu. A minti biyar na ƙarshe ne za ki barbaɗa garin yaji cokali ɗaya, garin citta rabin cokali, kanumfari ɗan kaɗan, ki ɗanɗana sannan ki ga ko yana neman gishiri. Barkono idan ya daɗe a kan wuta ɗaci yake yi, ya kuma baƙanta dambun.

Ki baza shi a tire ya huce sarai kafin ki zuba a kwalba ko roba mai murfi wadda ta bushe. Idan kika rufe da ɗumi, gumin da zai taru a murfin ne zai jawo fumfuna cikin kwana uku. A iskar hunturun nan, in ya soyu da kyau kuma ana ɗiba da busasshen cokali, zai yi mako biyu lafiya.

Kuku na Kakuri:

Hajiya ta gama magana a kan ƙirji. Ni zan yi ta ƙashi, don shi aka fi zubarwa kuma shi ya fi daraja a abin da ya rage.

Ƙanwata, ki fara yagar duk tsokar da ke jikin ƙashin bayan da hannu, musamman 'yan dunƙule biyun nan da ke kusa da inda cinya ta haɗu da baya, ki ajiye su tare da naman cinya. Sai ki sassara ƙashin gida huɗu ko biyar don ya shiga tukunya kuma ya saki abin da ke cikinsa. Ki zuba ruwan sanyi ya sha kansa, kamar lita uku, da albasa ɗaya a raba biyu da citta. Idan ya tafasa ki kwashe kumfar da ta taso, ki rage wuta ya riƙa ɓul-ɓul a hankali awa biyu zuwa uku. Gawayi ya fi dacewa da wannan aiki, ba sai kin ƙona gas ba. Tafasa mai ƙarfi tana sa romon ya yi duhu ya dagule da maiƙo. Ki tace da rariya mai ƙananan ido, don ƙashin haƙarƙarin talotalo siriri ne, yana karyewa ya ɓuya a cikin romo. Idan ya yi sanyi kika ga ya daskare yana rawa, kada ki zubar, alamar romo mai kyau ce, da ya ji wuta zai narke.

Da wannan romon ki yi dafa-duka. Shinkafa gwangwani huɗu, ki soya kayan miya har mai ya taso sama, ki zuba romo gwangwani biyar zuwa shida gwargwadon irin shinkafar, gishiri sai kin ɗanɗana. Naman cinyar da kika yanka ƙanana sai saura minti goma a sauke za ki zuba a kai ki rufe, turiri ya ratsa shi. Idan kika sa tun farko zai narke ya ɓace a cikin shinkafar.

Ki yi hattara da ƙafar. Talotalo yana da jijiyoyi dogaye a ƙafa waɗanda suka ƙandare suka zama kamar tsinke, kaza ba ta da irin su. Ki bi su da yatsa ki zare ɗaya bayan ɗaya kafin ki yanka naman, musamman tunda akwai yara a gidan.

Fikafikai da wuya kuwa farfesu. Ki ɗebi romo lita ɗaya, ki daka masoro, citta, gyaɗar miya guda biyu da kika ɗan gasa, attarugu da albasa, ki zuba. Kimba ki fasa ta ki cire 'ya'yan, su ne ke kawo ɗaci. Ki bar kayan ƙamshin su dahu su kaɗai minti ashirin, sannan naman ya shiga na minti goma, ki yayyafa ɗoɗɗoya ki sauke. Fatar da Hajiya ta ce ki ajiye, ki yanka ta ƙanana ki sa a kasko ba mai, wuta kaɗan, za ta fitar da kitsenta ta yi ƙaras-ƙaras. Cokali biyu na wannan kitsen a soyen kayan miya ya isa ya canza ƙamshin tukunya.

Maman 'Yan Biyu, Narayi:

Ni dai a ganina ba sai an wahala haka ba. Ki yi miyar tumatir tukunya guda ki zuba naman duka, ki riƙa tafasawa safe da yamma yadda iyayenmu suke yi tun babu firij. Sauran romon kuma ki yi fate da shi, na tsaki ko na acca: tsaki gwangwani biyu a romo lita biyu, da yakuwa da alayyahu da gauta da dakakkiyar gyaɗa. Ki riƙa zuba tsakin kina juyawa don kada ya yi gudaji, ganyen kuma a ƙarshe. Bayan kwana biyu ana cin shinkafa da maiƙo, fate mai ɗan tsami ne abin da baki ke nema.

Malamar Jinya, Unguwar Rimi:

Maman 'Yan Biyu, maganar fate na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma ta ɗumame safe da yamma ina da gyara, ki yi haƙuri. Ɗumame yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma akwai waɗanda ke barin guba a cikin abinci wadda tafasa ba ta lalata ta, akwai kuma masu tsira daga dahuwa su farfaɗo idan tukunya tana hucewa a hankali. Babbar tukunyar miya da aka sauke da dare, aka rufe, tsakiyarta na iya kwana da ɗumi, kuma tsakanin digiri 5 da 60 ne suka fi hayayyafa. Sanyin asubar hunturu a Kaduna yana sa mu rawar ɗari, amma bai kusanci sanyin firij ba, da rana kuma kicin ya koma zafi. Idan babu yadda za a yi, ɗumame ya fi a bari haka nan, amma sai ya zama tafasa ta gaske, ana juyawa har ƙasa, kuma kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

Amarya, ga ƙa'idar da za ki riƙe. Dafaffen nama kada ya wuce awa biyu a waje, in ana zafi sosai awa ɗaya. A firij mai sanyi da wuta ba yankewa, kwana uku zuwa huɗu ne daga ranar da aka gasa shi, ba daga ranar da kika sake dafawa ba. Idan an ɗauke wuta, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu ne kawai. Firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya. Don haka duk abin da ba za ku ci yau da gobe ba, ki ƙulla shi a leda gwargwadon girki ɗaya-ɗaya, ki danne shi ya yi faɗi don ya yi saurin ƙanƙara, ki tura can ƙasan firiza. Ki daskarar da robobin ruwa ki jera a gefensa, suna ƙara masa lokaci. Idan wutar ta daɗe, ki sayi ƙanƙara ki sa a kula.

Romon da Kuku ya kwatanta shi ya fi komai saurin lalacewa. Da kin tace, ki tsoma tukunyar a baho mai ruwan sanyi kina juyawa, ki canza ruwan sau biyu, sannan ki rarraba a ƙananan robobi. Wajen ɗumama nama kuma, ki ɗebi iya wanda za a ci, ya yi zafi har tsakiya yana tururi, a ma'auni digiri 74. Idan kika ga yana yauƙi a hannu, ko warin tsami, ko romo yana kumfa shi kaɗai, ki zubar. Sai dai ki sani nama na iya zama da illa bai canza wari ba, shi ya sa lissafin awanni ya fi hanci. Masu ciki, tsofaffi da ƙananan yara su ne abin ya fi kayarwa.

Amaryar Barnawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na raba shi yadda Hajiya ta ce, ƙashin yana kan gawayi yanzu. Tambaya ɗaya ta rage: ina son in yi wa yara samosa ta Sabuwar Shekara da naman cinyar. Zai kai?

Kuku na Kakuri:

A firij ba zai kai ba, daga 25 ga wata zuwa 1 ga Janairu mako guda ke nan. Ki yi haɗin yau ki sa a firiza. Ki datsa naman da wuƙa ƙanana, kada ki niƙa, niƙaƙƙen dafaffen nama cakwaɓewa yake yi. A kan kofi biyu na nama ki sa dafaffen dankalin turawa kofi ɗaya da kika yanka ƙanana, shi zai riƙe masa laushi. Ki soya albasa biyu da attarugu da kori a mai cokali biyu har ruwan albasar ya ƙone, ki zuba nama da dankalin ki juya minti biyar. Haɗin ya zama a bushe kuma ya huce kafin ki naɗe, in ba haka ba fallen zai jiƙe ya fashe a cikin mai. Ki jera naɗaɗɗun a tire su daskare ɗaya-ɗaya tukuna sannan ki juye a leda, don kada su manne. Ranar biki ki soya su daga firiza kai tsaye a mai matsakaicin zafi, minti shida zuwa takwas, don cikin ya yi zafi kafin bayan ya ƙone. Idan wuta ta yi kwana biyu babu, kika taɓa kika ji sun saki amma da sauran sanyin ƙanƙara a jikinsu, ki soya a ranar a cinye, kada ki jira biki.