Wane agogo zan saya wa Inna?

Maman Hanan (Jidda): Assalamu alaikum 'yan zaure, don Allah shawara nake nema. Idon Inna ya yi rauni, agogon bango mai hannu ba ta ganinsa sam, kullum cikin dare sai ta tashe ni wai an kira asuba? Wane iri ya kamata in saya mata

Kawu na Misfala (Makka): Wa alaikumussalam 'yata. Nemi mai kiran salla, irin Al-Fajr ko Al-Harameen, lambobinsa manya ne kuma da kansa zai kira mata. Amma ki sa mai shagon ya saita shi a kan Jidda da lissafin Ummul Ƙura, wato na lokutan sallar Saudiyya, a gabanki, don nan isha'i minti 90 ne bayan magariba, da azumi kuma 120, in aka bar shi a lissafin wata ƙasa zai ta saɓa wa masallacin unguwarku

Hajiya Babba: Kar dai ki bi araha. Na taɓa sayen wani marar suna, ranar da batir ya mutu duk saitin ya goge, ya ƙwala mana kira ana tsaka da barci har maigida ya yi alwala. Araha ba ta ado wallahi

Abban Sultan: Hhhh Hajiya 😂 Anti akwai mai magana ma, maɓalli ɗaya ne babba a kai, ta danna ya faɗi lokaci da Larabci, ba ruwanta da gani

Maman Hanan: Larabci kam tana ji, matsalar ita har yanzu wani lokacin lissafin zamanin dā take yi, tana cewa isha'i ƙarfe ɗaya da rabi

Kawu na Misfala: Allah sarki, gurubi ke nan! Haka muka taso, rana na faɗuwa a mayar da agogo 12. Mu yanzu taga kawai muke leƙawa, ga agogon Harami can, faɗin fuskarsa mita 43, lokacin salla fitilu kore da fari su kama walƙiya

Hajiya Babba: To Kawu ai ba a ɗauko mata shi zuwa Jidda. Ki haɗa biyun, mai kiran a falo, mai maganar kusa da filo

Maman Hanan: Na gode Allah ya saka. Saura mai tuna mata Kano na bayanmu da awa 2, jiya bayan asuba ta kira Yaya