Musayar Waƙa: Tauraruwa a Motar Haya

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Ga baitina kan finafinan da ke tona rayuwar 'yan fim su kansu. Mai amsa ya riƙe amsa-amon "ya".

Fim na gani kan wata 'yar talaka,
Ta zo Zoo Road neman ɗaukaka,
Leshin aro, motar haya ta ɗauka,
Ta ce wa jama'a ita ce sarauniya.

Kullum hoto a gidan da ba nata ba,
Kuɗin adaidaita ma bai ishe ta ba,
Darakta ya tona, bai rufa mata ba,
Ni dai na ce fim ɗin ya faɗi gaskiya.

'Yar Gwale:
Yaya, ka dubi mu masu kallo,
Ta maimaita atamfa, mu yi mata gwalo,
A Instagram mu mai da ta ƙwallo,
Mu ce ta tsiyace, mu bi ta da dariya.

Furodusa na duba yawan mabiyanta,
Kafin ya tambayi iya wasanta,
Sallamar ba ta kai kuɗin kwalliyarta,
To wa ya tura ta ga bashi da ƙarya?

Baba Na Wambai:
'Ya'yana, kaset na sayar a kasuwar nan,
1990 Turmin Danya ya fito garin nan,
'Yan Tumbin Giwa suka yi aikin nan,
Son wasa ya haɗa su, ba son dukiya.

Kaset ya wuce, faifai ya bi bayansa,
Masu satar fasaha suka kashe kasuwarsa,
Yau YouTube ke biyan fim gwargwadon kallonsa,
Sai jarumi ya koma tallan kansa ga duniya.

Mai Fitila:
Baba, a gafarce ni, in sa baki.

Mai haska fuskar jaruma, ai ni ne,
Fim ɗin ya manta da mu, abin ciwo ne,
Wuni a lokeshan cikin rana namu ne,
Da an tashi a ce mu dawo jibi a biya.

'Yar Gwale:
Malam mai fitila, rubuta labarinka,
Kai Hukumar Tace Finafinai su duba maka,
Zan sayi data in zauna dominka,
Amma a bar jarumar da atamfarta ɗaya.