Kalmomin Turanci masu kn, gn da pn, me ya sa ake rubuta harafi ba a faɗinsa?

Ɗan_Aji_Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina da tambaya. Jiya ina karatu na ci karo da kalmar gnaw, na karanta ta "ginau", abokina ya dinga dariya wai "no" ake cewa, g ɗin ba a taɓa shi sam. To ga knife ga knee ga pneumonia duk haka suke, me ya kawo baƙaƙe biyu a jere alhali ɗaya bebe ne? Kuma me gnaw ɗin ke nufi ma?

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam ɗalibi. Gnaw gaigaya ce, irin yadda ɓera ke yi wa katako, gnat kuma wani ɗan ƙwaro ne mai cizo. Knee gwiwa, knife wuƙa, knot ƙulli. Ai da ba bebaye ba ne, Turawan Ingila na da suna furta k da g ɗin nan tsaf, sai wajen ƙarni na 17 bakinsu ya yar da su, amma rubutu ya riga ya fara zaunawa tun bayan da William Caxton ya kai injin ɗab'i Ingila a 1476, shi ya sa harafin ya maƙale a takarda. Jamusawa har gobe suna faɗin k a kalmarsu ta gwiwa, Knie.

Ummu_Karatu:
Malam ka yi bayani, sai dai pn da ps daban ne asalinsu, daga Girkanci aka aro su. Pneuma numfashi ne, pneumon kuma huhu, shi ya ba da pneumonia wato ciwon huhu, psyche kuma rai, daga nan psychology wato ilimin halayyar ɗan Adam. Faransawa suna furta p ɗin, Turawan Ingila ne dai suka ga wahala.

Mai_Tsokaci:
Ni wanda ke ban dariya mn na ƙarshen kalma ne. Column ginshiƙi, autumn kaka, n shiru kake ji kamar ba ya nan, da ka ce autumnal sai ya farka! Amma b na debt, wato bashi, shi kam ɗan kutse ne, masana ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da debitum na Latin, ba a taɓa furta shi a Turanci ba.

Ɗan_Aji_Uku:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya Ummu. Ashe da na zo duniya da wuri "ginau" ɗina ba zai zama abin dariya ba, bari in je in samu abokin nan nawa.