Ƙafata ɗaya ta kumbura bayan haihuwa, don Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki aka min na haihu, ko wata ɗaya ban cika ba, sai ga ƙafata ta hagu ta kumbura tun daga sharaɓa, ga ciwo kamar an ɗaure ta, in na taɓa ta fi ɗayar zafi, ta dama kuwa lafiya ƙalau. A gida cewa ake kumburin haihuwa ne, in gasa in riƙa matsawa zai saɓe. Ya zan yi?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Nima na kumbura sosai amma fa ni duka biyun ne. Taki ɗaya tak, gaskiya hankalina bai kwanta ba.

Anti Nas: 'Yar uwa kar ki bari kowa ya matsa ƙafar nan, ki tafi asibiti yau ba gobe ba. Abin da kika lissafa alamun gudan jini ne a jijiyar ciki ta ƙafa, kuma sati 6 na farko bayan haihuwa shi ne lokacin da haɗarin ya fi yawa, balle ke da aka wa aiki kina yawan kwanciya. Abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe jijiyar huhu. In kika ji numfashi na miki wuya, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, ko da tsakar dare ne a kai ki imajansi. Sikanin ƙafar za su yi su tabbatar.

Maman Biyu: Anti to aspirin fa, ba tana tsinka jini ba?

Anti Nas: Ba ta isa ba sam. Allurar heparin mai hana jini yin guda ake farawa da ita, wasu a mayar da su kan ƙwayar warfarin mai irin wannan aikin ana gwajin jini akai-akai, aƙalla wata 3, kar a daina don an ji sauƙi. Duka biyun mai shayarwa na iya amfani da su. Banda haɗa su da maganin ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac, suna jawo zubar jini.

Wata 'yar uwa: Ki kuma faɗa wa likita kafin ki fara ƙwayar tazarar haihuwa, masu ɗauke da sinadarin estrogen suna ƙara haɗarin gudan jini. Sauran masu jego kuma a riƙa ɗan tattaki a sha ruwa, zaman mota ko jirgi sama da awa 4 ma a dinga motsa ƙafa.

Mai tambaya: Na gode Anti, na kira maigidan yana hanya, yanzu za mu wuce in sha Allahu.