Takin juji ko koko-fit? Gardamar masu noman fure a rumfar leda

Mai Rumfa daga Vom, Jihar Filato: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda ta ɓata wa rai ya yi haƙuri. Kuɗin da muke zubawa a koko-fit asara ce. Ɓawon kwakwa ne fa aka niƙa aka danne, aka yo jigilarsa daga Indiya da Siri Lanka, ga karan masara da ɓawon gyaɗa jibge a bayan gona muna cinna musu wuta. Tun da naira ta faɗi a 2023 kowa ya san yadda farashinsa ya koma. Bana na cika buhu 60 da takin da na ruɓar da hannuna, zallansa, na dasa furen kirisantimum. Wata uku na fara yanka, kara a miƙe, fure a cike. Takin tsirrai shi kaɗai ya isa.

Hajiya mai kwalliyar biki: Wa alaikumus salam. Furen kam ni shaida ce, da shi na yi wani biki a Abuja, ya kwana bakwai a ruwa bai sunkuya ba. Abin da ke cikin buhun kuma, wannan sai ku.

Kawu mai wardi: Ƙanena, bi a sannu. Kirisantimum baƙo ne, wata uku ya yi sallama. Wardi kuwa ɗan gida ne, sai ya shekara biyar ko fiye a buhu ɗaya. Abin da ka yi na riga ka yi. Watannin farko har kiran mutane nake su zo su gani. Kafin shekara ta zagayo buhun da na cika taf ya zauna ya koma rabi. Na zura hannu, abin ciki ya dame kamar tuwon da ya kwana, ruwa kwance a ƙasa. Na ciro saiwa, maimakon fara sol sai ga ta ja-ja-ja tana wari, ka ja ta fatar ta zame a yatsa. Layi biyu na tumɓuke.

Mai Rumfa: Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, amma naka bai nuna ba ne. Takin da ya nuna ba ya haka.

Malamar kimiyyar ƙasa: Nan ne zan saɓa maka, Malam. Taki ba ya daina ruɓewa don ya yi baƙi, raguwa kawai yake yi. Ka zuba shi a buhu, kana ba shi ruwa sau da yawa a rana cikin ɗumin rumfa, ai ƙwayoyin da ke cinsa ka yi wa gata. Gutsattsarin suna ƙara laushi, kofofin da iska ke bi suna toshewa, saiwa kuma numfashi take yi kamar ni da kai. Koko-fit ba don abinci ake sayensa ba, kusan babu komai a ciki. Ana sayensa ne don yana riƙe ruwa da iska tare, kuma yana daɗewa bai zauna ba.
Sannan akwai gishiri. Takin tsirrai yakan zo da sinadarin fotash mai yawa, musamman in an haɗa da toka ko kashin kaji. Ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami ko kanwa, yakan kai 7 zuwa 8, alhali wardi da furen jabera sun fi son 5.5 zuwa 6.5. In ya haura, shuka ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe: sabon ganye ya yi ɗorawa, jijiyoyinsa kore shar. Manomi ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, ya ƙara dagula lamarin.

Mai Rumfa: Malama, shi koko-fit ɗin waliyyi ne? Wanda bai wanke shi ba, ya faɗa mana abin da ya gani. Ni na taɓa jiƙa bulon koko-fit na dasa kai tsaye, bakin ganye ya ƙone kamar an bi shi da ashana.

Malama: Wannan gaskiyarka ce. Yana zuwa da gishirinsa, sai an wanke, an jiƙa shi a ruwan takin zamani na kalsiyam naitiret. Bambancin shi ne in ka wanke shi ka gama, kuma bulon yau da na gobe kusan ɗaya ne. Jujinka na damina da na rani ba ɗaya ba ne.

Ɗan Kura: Ku gafarce ni, ni ɗan tumatir ne, fure sha'awa ce kawai. Me ya sa ba a maganar ɓuntun shinkafa? A nan injinan casa neman mai kwashewa suke. In an babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, shekara da shekaru yana nan, gara ma ba ta kula shi. Ni shi nake cakuɗawa da taki a gadon reno.

Kawu: Yauwa, ɗan nan ya kawo magana. Mai Rumfa kullum cewa yake mu daina dogaro da kayan waje. To a dubi Kenya. Gonakin da ke bakin tafkin Naibasha su ne ke cika kasuwar gwanjon fure ta Alsmiya a Holan da wardi. Da yawansu a tsakuwar aman wuta mai kofofi suke shuka, wadda ake haƙowa a yankinsu. Kayan gida ne, amma kayan gidan da ba ya ruɓewa. Kuma ai ganye da karan wardi da suke zubarwa kullum ya fi ƙarfin jujin kowa a nan. Mu ma ga tsofaffin duwatsun aman wuta can wajen Kerang da Panyam a Filato, wa ya taɓa gwadawa?

Hajiya: Ni tambayata cuta. In aka ruɓar da ragowar furen da ya yi ciwo aka mayar gindin sabo, ba a dawo da ciwon ba?

Malama: Ya danganta da zafin jujin, Hajiya. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ga tarin da ake juyawa ita ce ya riƙe zafin digiri 55 na Salsiyas har kwana 15, a juya shi sau biyar, don na gefe ma ya shiga tsakiya. Wanda ya tara ya tafi ya bari, tsakiyar ce kawai ta dahu. Wardin da ya yi ƙulu a gindi kuwa, ni dai a ƙone shi.
Amma a nan Mai Rumfa yana da hujjar da bai kawo ba. Tun shekarun 1970 masanin cututtukan tsirrai Harry Hoitink na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka ya nuna cewa takin ɓawon itace da ya nuna yana danne cututtukan ruɓewar saiwa, saboda ƙwayoyi masu amfani da ke cikinsa. Koko-fit zalla ba shi da wannan rundunar. Shi ya sa ban ce a zubar da taki ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na haɗin, sauran ɓuntu ko koko-fit ko tsakuwa.

Mai Rumfa: To ai kin dawo gidana.

Kawu: Ta leƙo zaure dai. Kai cewa ka yi shi kaɗai.

Ɗan Kura: Malama, ya ake gane ya nuna in ba na'ura?

Malama: Ka ɗebi dunƙule ka shinshina. Ƙanshin ƙasar ruwan farko, to madalla. Warin fitsari ko tsami, da saura. Sai ka cika gwangwani biyu, ɗaya taki ɗaya yashi, ka shuka wake goma-goma. In na takin ya ƙi fitowa ko ya tsumbure, kar ka kai shi rumfa. In kuma sabon ganyen ya murɗe ya naɗe, ka binciki inda ka samo ciyawar, don akwai magungunan ciyawa da ke tsallake ruɓewa da ransu. A 2008 masu lambu da yawa a Birtaniya sun yi asara ta wannan hanyar, ta kashin dabbobin da suka ci ciyawar da aka fesa.

Mai Rumfa: Na ji duka. A kan kirisantimum ban janye ba, ido ya gani. Wardi kuma zan ware layi uku: zallan taki, taki da ɓuntu, da koko-fit. Ruwa ɗaya, iri ɗaya. Ɗan Kura, nawa za ka samo min buhun ɓuntu zuwa Jos?

Ɗan Kura: Ɓuntun ba shi ne matsala ba, kuɗin mota ne. Zan tambayi masu tumatir da ke hawowa.

Kawu: Ka ɗauki alli ka ja layi a jikin kowane buhu daidai inda ka cika shi. Kar ka turo mana hoto da wata uku. Sai damina ta zagayo.