Sassaƙa, ƙira, zubi da gini: wace kalmar Turanci ta taɓa rikita ku?

Ɗan masassaƙa: Assalamu alaikum. Ina sayar da turmi, akushi da tukwanen alminiyam ta intanet, bayanin kayan kuma da Turanci nake rubutawa. Duk na bi su da *carved*. Jiya wata mai saye ta rubuto min cewa kalmar ba ta dace da tukunya ba. Abin ya dame ni, don Allah a warware min.

Jikan maƙeri: Wa alaikumus salam. Gaskiyarta, ɗan'uwa. *Carve* ragewa ne: gizago yana cin itace har turmi ya fito, ɓawo da ɓarɓashi duk a ƙasa. Tukunyar alminiyam kuwa narkar da ƙarfen ake yi, a kwarara shi cikin gurbin da aka danna a jiƙaƙƙen yashi, shi ne *cast*. Haka ma kayan tagulla na masarautar Benin, sai dai su da kakin zuma suke fara siffar. Aikin gidanmu *forge* ne: a zuga wuta ƙarfe ya yi jawur, a kama shi da awartaki, a ɗora kan uwar maƙera, a yi ta dukansa da masaba har fartanya ta fito. Ba ya narkewa ko kaɗan. Mu duka ƙira muke cewa, nan ne ruɗanin yake shigowa.

Malamar Turanci: A kiyaye da *forge*. Wata ɗalibata ta rubuta cewa kakanta *forger* ne, alhali kalmar an fi saninta da mai buga takardun bogi. Da na faɗa mata har idonta ya ciko. Maƙeri *blacksmith* ne.

'Yar maginiya: Innata kan kife tsohuwar tukunya, ta bi bayanta da yumɓu tana bubbugawa. Tukunyar da aka kife *mould* ce, aikin ma *mould*, fumfunar burodi ma haka ake rubuta ta. Wadda ta fi ɗaure min kai ita ce *throw*. Ina karanta tarihin Ladi Kwali, ta jikin naira ashirin, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta wani Baturen Ingila, Michael Cardew, a 1954 a garin da yanzu ake kira Suleja, sai na ga an ce a can ta koyi *throwing*. Na ɗauka jifa ne, ashe ginin tukunya ne a kan faifai mai juyawa.

Ɗan masassaƙa: Allah ya saka da alheri. To zanen da ake yi wa ƙwarya da wuƙa fa, malama?

Malamar Turanci: In karta kawai aka yi a bayanta, sa *engraved*. In an ƙwaƙule ya yi zurfi, *carved* ɗinka ya zauna daidai.