Kulle saƙon imel: Proton, Tuta ko PGP?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ofishin lauyoyi ne, muna aika takardun shari'a ta Gmail. Da wace manhaja za mu kulle su?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Fara duba wanda zai karɓa, shi zai yanke zaɓin. Idan ku duka za ku koma Proton Mail, wato imel na kamfanin Proton, saƙo tsakaninku a kulle yake kai tsaye. Amma idan kun aika wa mai Gmail, sai kun sa wa saƙon kalmar sirri, ku faɗa masa ita ta waya. In ba haka ba Google na iya karanta shi. Kan saƙon kuma, wato takensa, Proton ba ya kulle shi kamar jikinsa, don haka kada a rubuta sunan wanda kuke karewa a wurin. Tuta, wani kamfanin imel na Jamus, yana kulle har kan saƙo, sai dai ba ya aiki da PGP, wato tsarin kulle saƙo da makullai biyu, ba ya kuma shiga manhajojin karanta imel irin su Outlook ko Thunderbird.

Hajiya: Yallaɓai, ba dole ku bar Gmail ba. Tun 2020 Thunderbird 78 ya zo da OpenPGP, wato tsarin PGP, a cikinsa. Kowa ya ƙirƙiri makullai biyu: na jama'a da ake rabawa don a kulle masa saƙo, da na sirri na buɗewa da ba ya barin kwamfutarsa. Kafin ku yarda da makullin mutum, ku kira shi ku karanta wa juna shaidar makullin, haruffa da lambobi 40. Nan ake yawan sakaci, kuma ta nan mayaudari ke cusa nasa. Ku kwafe makullin sirri a filashi biyu tun ranar farko; kwamfuta ta mutu babu kwafi, tsofaffin saƙonni sun tafi, babu kamfanin da zai buɗe su.

Injiniya: Haka Proton ma, Hajiya. Wanda ya manta kalmar sirri ya sake ta, bai kuma adana kalmomin ceto 12 da Proton ke bayarwa ba, akwatin zai buɗe, tsofaffin saƙonni su ƙi karantuwa.

Malam: A wayar Android, manhajar makullan PGP ta OpenKeychain ake haɗawa da manhajar imel ta K-9 Mail. Sai dai a sani, kulle ba ya ɓoye wa ya aika wa wa, da ƙarfe nawa. A 2021 hukumomin Suwizalan, inda kamfanin yake, sun tilasta wa Proton miƙa adireshin intanet (IP) na wani ɗan gwagwarmaya a Faransa. Wanda wannan ya dama, ya riƙa shiga ta Tor, manhajar da ke ɓoye adireshin intanet.